Koyon Jitar Jaz da Littafin Mark Levine: Inda Ya Taimake Ni da Inda Ya Ɓatar da Ni

Duk wanda ya tambayi makaɗa wane littafi zai nema don ya fahimci ƙa'idojin kiɗan jaz, da wuya a jera masa uku ba a sa *The Jazz Theory Book* na Mark Levine ba. An buga shi a Amurka a 1995, shafukansa sun haura 500. Ni ma da shi na fara. Na yi wata takwas ina bin sa da jita a hannu, kullum da dare bayan na dawo daga ɗakin bincike. Ranar da na zauna da wani abokina mai kaɗa piyano, ya ɗauko "Autumn Leaves", waƙar da kusan kowane ɗan koyon jaz yake farawa da ita, kafin mu kai rabi na ɓace. Yatsuna suna ta gudu, kuma babu sauti ko ɗaya da littafin ya hana a cikin abin da na kaɗa, amma abin da ke fita bai san da zaman waƙar ba. Abokin nan ya tsaya ya dube ni ya ce, "Malam, ƙamus kake ta karanto min, har yanzu ba ka yi magana ba."

Tun daga ranar nake ta tunanin inda matsalar take. Abin da na gano shi ne, littafin yana da kyau ƙwarai, amma bai dace ya zama littafin farko ga mai koyon jita ba, kuma wanda ya fara da shi yana iya asarar watanni kamar yadda na yi. Kafin in kawo hujjojina, bari mu fara da tushe, don wanda bai taɓa riƙe jita ba ma ya iya bin maganar.

Abin da ke faruwa a kan tsirkiya

Sauti karkarwa ne. Tsirkiya ta biyar a jita, wadda ake kira A, idan ka kaɗa ta a sake tana karkarwa sau 110 a daƙiƙa ɗaya. Ka danne ta a tsakiyarta daidai, wato a gaɓa ta 12, tsawon da ke karkarwa ya koma rabi, karkarwar ta ninka ta zama 220. Kunne yana jin su kamar sauti ɗaya ne, sai dai na biyun ya fi sirantaka. Wannan tazarar ita ce oktaf. Dokar ɗaya ce ko a kan kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya: ka rage tsawo, sauti ya hau.

Kiɗan Turawa ya raba oktaf gida 12 daidai wa daida, shi ya sa gaɓoɓin suka zama 12 kafin a kai tsakiya. Kowace gaɓa tana ninka karkarwar da kusan 1.0595, lambar da idan ka ninka ta da kanta har sau 12 za ta ba ka 2. A gaɓa ta 7 karkarwar tsirkiyar A tana kai kusan 164.8, wato dab da 165, wanda shi ne 110 sau ɗaya da rabi. Tazarar da lissafinta ya zo da sauƙi haka, 3 bisa 2, kunne yana jin ta a natse.

Daga cikin 12 ɗin nan sai a zaɓi bakwai a yi tsani, abin da makaɗa ke kira sikel. Tsanin C mejo shi ne C, D, E, F, G, A, B. In ka ɗauki sauti ɗaya, ka tsallake ɗaya, ka ɗauki na gaba, har ka tara huɗu ka kaɗa su tare, ka sami dunƙule, wanda ake kira kod. Daga D za ka sami D, F, A, C, sunansa Dm7. Daga G ka sami G, B, D, F, wato G7. Daga C kuma C, E, G, B, wato Cmaj7. Da yake D ne na biyu a tsanin, G na biyar, C na ɗaya, jerin nan uku ana kiransa biyu-biyar-ɗaya, kuma shi ne jerin da ya fi yawa a tsofaffin waƙoƙin jaz. In ka gane wannan, ka riƙe abin da za mu yi gardama a kansa.

Abin da littafin ya yi daidai

A ba Levine haƙƙinsa. Makaɗin piyano ne da ya yi shekaru yana kiɗa da manyan jaz kafin rasuwarsa a 2022, kuma hakan ya fito a rubutunsa. Babban abin da na yaba shi ne yadda yake kawo hujja. In ya faɗi wata ƙa'ida, sai ya ɗauko misali daga faifai na gaske, ya rubuto abin da makaɗin ya kaɗa, ya faɗa maka sunan faifan don ka je ka ji da kunnenka. Ga wanda ya saba da aikin kimiyya, wannan shi ne nuna bayanan da aka gina magana a kansu, kuma littattafan kiɗa da yawa ba sa yin haka. Harshensa ma mai sauƙi ne, kamar malami yana hira da ɗalibinsa. Can baya kuma akwai jerin waƙoƙin da ya kamata a koya da faya-fayan da ya kamata a saurara. Gaskiya wannan jerin kaɗai ya biya kuɗin littafin.

To, ina matsalar? Tana cikin ginshiƙin littafin, wato koyarwar cewa kowane dunƙule yana da tsaninsa, kuma dunƙule da tsani fuska biyu ne na abu guda. In ka ga Dm7, ka kaɗa tsanin D Doriyan. In ka ga G7, ka kaɗa G Miksolidiyan. In ka ga Cmaj7, ka kaɗa C Ayoniyan.

Suna uku, kaya ɗaya

Rubuta su a takarda ka gani. D Doriyan: D, E, F, G, A, B, C. G Miksolidiyan: G, A, B, C, D, E, F. C Ayoniyan: C, D, E, F, G, A, B. Sautuka bakwai ɗin nan ne dai, wurin farawa kawai aka canza. Levine bai ɓoye wannan ba, ya faɗa. Amma ɗan koyo yana fita da tunanin cewa aikinsa shi ne ya canza tsani duk lokacin da dunƙule ya canza, alhali babu abin da ya canza a jerin sautukan. Abin da yake canzawa shi ne wane sauti ne yake da nauyi a wannan lokacin, kuma sunan tsani ba ya gaya maka wannan.

Ga abin da kunne yake bi. A kowane dunƙule, sauti na biyu da na huɗu a jerin, waɗanda makaɗa ke kira na uku da na bakwai saboda matsayinsu a tsani, su ne suke bayyana ko wane iri ne. A Dm7 su ne F da C. A G7 su ne F da B. A Cmaj7 su ne E da B. Ka lura? Daga Dm7 zuwa G7, F ya tsaya, C ya sauka gaɓa ɗaya ya zama B. Daga G7 zuwa Cmaj7, B ya tsaya, F ya sauka gaɓa ɗaya ya zama E. Duk tafiyar nan ta dunƙule uku, sauti ɗaya ne yake zamewa gaɓa ɗaya kowane lokaci. Levine ya nuna wannan tun a farkon littafin, amma ya wuce shi da sauri ya shiga dogon bayanin tsanuka. A ganina nan ya kamata ɗan koyo ya yada zango na wata uku.

Akwai kimiyya a ciki ma. Tsakanin B da F akwai gaɓa shida, rabin oktaf cif, wato ninki 1.414. Wannan lambar ba ta kusa da 3 bisa 2 ko 4 bisa 3, kuma a irin wannan kiɗan ana jin tazarar kamar tana neman wurin sauka. Sai dai kar mu ɗora wa lissafi abin da ya fi ƙarfinsa. A kiɗan bulus, wanda jaz ya sha nono a wurinsa, dunƙule irin G7 yana iya zama gida, a zauna a kansa babu mai jin an matsu. Ke nan sabon kunne yana da nasa kaso, ba lissafi kaɗai ba.

Lokaci ba ya jira

Hujja ta biyu lissafi ce zalla. Waƙar jaz mai sauri tana iya tafiya bugu 200 a minti ɗaya. Dunƙule da yawa bugu biyu kawai suke samu, wato daƙiƙa 0.6. In kana kaɗa sauti biyu a kowane bugu, kamar yadda aka saba, sauti huɗu ke nan kake da damar kaɗawa kafin dunƙulen ya wuce. Tsani mai sauti bakwai ba zai ma shiga ba. Tambayar da ke gabanka a wannan lokacin ita ce waɗanne huɗu, a wane jeri, kuma wanne ne zai faɗo a kan bugu. Wannan ita ce tambayar da na kasa amsawa a gaban abokina.

Abin ya yi kama da a ba ka jerin kayan miya, a ce ga tumatir, ga attaruhu, ga daddawa, duk sun halatta a tukunyar nan. Gaskiya ne, amma ba a gaya maka me ake fara sawa ba, ko nawa, ko yaushe ake saukewa. A bincike ma muna ganin irin haka: kana iya samun lissafin da ya dace da duk bayanan da ka tara, amma bai bayyana maka yadda abin yake faruwa ba. Koyarwar dunƙule da tsani tana bayyana waɗanne sautuka ƙwararre ya yi amfani da su bayan ya gama. Yadda ya jera su, wannan sai an nemo a wani wurin.

Tarihi ma yana da abin cewa

Charlie Christian, wanda ya fito da jitar lantarki fili a jaz bayan ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, ya rasu a 1942. Littafin George Russell da ake ɗauka a matsayin mafarin wannan tunani na haɗa dunƙule da tsani, *Lydian Chromatic Concept of Tonal Organization*, bai fito ba sai 1953. Wes Montgomery kuwa, wanda faifansa na 1960, *The Incredible Jazz Guitar*, har yau ake koyo daga gare shi, ya koyi jita ne ta hanyar sauraron faya-fayan Christian yana kwaikwayon kiɗansa sauti bayan sauti. Kar a fahimce ni baibai, mutanen nan sun san tafiyar dunƙule ciki da waje. Ta kunne da yatsa suka san ta, kuma in ka saurari Christian za ka ji layukansa da yawa suna fitowa ne daga siffar dunƙulen da ke ƙarƙashin hannunsa.

Akwai kiɗan da tunanin tsani ya dace da shi sosai. A faifan Miles Davis na 1959, *Kind of Blue*, waƙar "So What" tana zama a D Doriyan na tsawon awo 16, ta hau gaɓa ɗaya na awo 8, ta dawo na awo 8. A nan dunƙule ba ya gudu, kana da fili, kuma tsanin shi ne filin. Matsalar tana zuwa ne in aka ɗauki ma'aunin da ya dace da "So What" aka auna waƙoƙin da aka rubuta tun kafin a yi wannan tunanin.

"Autumn Leaves" misali ce mai kyau. Joseph Kosma ne ya tsara ta a Faransa a 1945. In aka kaɗa ta a E maino, jerin farko shi ne Am7, D7, Gmaj7, Cmaj7, F#m7♭5, B7, Em. Alamar # tana nufin a hau gaɓa ɗaya, ♭ kuma a sauka gaɓa ɗaya. Duk dunƙulen nan daga tsanin G mejo suka fito, in ban da B7, wanda yake ɗauke da D# a maimakon D. Sauti ɗaya tak ya canza, kuma shi ne yake jan kunne zuwa E. Wannan shi ne duk abin da ɗan koyo yake buƙata a ranar farko. Amma hanyar da littafin ya fi karkata gare ta a irin ukun ƙarshen nan ita ce a ba kowanne tsaninsa daga dangin da ake kira melodik maino: na A ga na farko, na C ga na biyu, na E ga na uku. Tsani uku daban-daban a wurin da canza sauti ɗaya ya isa. Sautukan da wannan hanyar take bayarwa suna da daɗi, kuma makaɗan 1960 zuwa yau suna amfani da su. Amma ado ne da ake ɗorawa a kan gini, ni kuma na fara da adon ban san akwai gini ba.

Jita ba piyano ba ce

Wannan laifin ba na Levine ba ne, na masu miƙa littafin ga mai jita ne ba tare da gargaɗi ba. An rubuta misalan da rubutun kiɗa irin na piyano, da yawansu na hannu biyu. Mai piyano yana da yatsu goma, mai jita yana da huɗu a kan gaɓoɓi da tsirkiya shida. Dunƙulen da sautukansa suke manne da juna, wanda yake da sauƙi a piyano, a jita wani lokacin sai ka miƙe yatsu har su yi ciwo, wani lokacin ma ba zai yiwu ba.

Sannan a piyano kowane sauti wurinsa ɗaya. A jita, sautin E na tsirkiya ta ɗaya a sake yana nan a tsirkiya ta biyu gaɓa ta 5, ta uku gaɓa ta 9, ta huɗu gaɓa ta 14, ta biyar gaɓa ta 19. Wuri biyar, sauti ɗaya. Babban aikin mai koyon jita shi ne sanin wanne zai zaɓa, kuma littafin ba shi da abin cewa a nan, don ba aikinsa ba ne. A ɗaya ɓangaren, jita tana da wata garaɓasa da piyano ba ta da ita: siffar yatsu ɗaya, in ka matsar da ita gaɓa biyu sama, ta ba ka dunƙulen nan a wani mazauni ba tare da ka koyi sabon abu ba. Wanda ya bi littafin piyano kai tsaye ba zai ci wannan ribar da wuri ba.

Gwada wannan in kana da jita kusa. Dm7: tsirkiya ta biyar gaɓa ta 5, ta huɗu gaɓa ta 3, ta uku gaɓa ta 5. G7: ta shida gaɓa ta 3, ta huɗu gaɓa ta 3, ta uku gaɓa ta 4. Cmaj7: ta biyar gaɓa ta 3, ta huɗu gaɓa ta 2, ta uku gaɓa ta 4. Sauti uku-uku ne kawai, tushe da na uku da na bakwai. Ka sa ido a tsirkiya ta uku da ta huɗu, za ka ga zamewar nan ta gaɓa ɗaya da idonka, ka ji ta da kunnenka. Kar ka raina ƙanƙantarsu. Freddie Green ya yi kusan shekara 50 a ƙungiyar Count Basie tun daga 1937, yana kaɗa bugu huɗu a kowane awo da ƙananan dunƙule masu sauti kaɗan, kuma a kansa ƙungiyar take jingina.

Me masu kare littafin za su ce?

Za su ce Levine bai taɓa cewa littafinsa ya isa shi kaɗai ba, kuma ya yi ta nanata a saurari faya-fayai a kwaikwaya. Wannan gaskiya ne. Za su ce kuma akwai dunƙulen da ba su fito daga tsani ɗaya ba, irin waɗanda ke cikin waƙoƙin Wayne Shorter da Herbie Hancock, inda sanin tsanin kowane dunƙule yake ceton mutum. Wannan ma gaskiya ne, kuma yanzu da na kai wurin, littafin nake buɗewa. Amma ɗan koyo yana auna muhimmancin abu ne da yawan shafukan da aka ba shi. In ya ga zamewar gaɓa ɗaya ta sami ɗan wuri, tsanuka kuma sun sami babi a kan babi, ai ya san inda zai zuba lokacinsa. Ni ma can na zuba nawa. Ina da nawa laifin, na yarda, don haddar tsani tana da daɗi ga mai son lissafi: ana iya ƙirga ta, ana iya cewa yau na gama biyar. Horar da kunne kuwa ba ta da maki.

Da zan sake farawa

Da zan koma baya, ga yadda zan yi. In fara da sanin sunan kowane sauti a tsirkiya ta biyar da ta shida. In koyi ƙananan dunƙulen nan masu sauti uku, in bi da su ta waƙa ɗaya har sai na iya kaɗa ta ba tare da duba takarda ba. In rera karin waƙar da bakina kafin in neme shi a jita. Sannan in kaɗa na uku da na bakwai kaɗai a kan kowane dunƙule, a hankali, har kunnena ya fara hango su kafin su iso. Daga nan in ɗauki awo huɗu kacal daga kiɗan Charlie Christian ko Grant Green, in rage saurin faifan a waya, in kwaikwaya har da yadda suke jinkirta wani sautin su gaggauta wani, don wannan rausayar ba ta rubutuwa a takarda. Bayan duk wannan ne zan buɗe Levine, in nemi sunan abin da kunnena ya riga ya sani.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji, amma a wannan fagen jin ne a gaba. In kana da littafin, kar ka yar da shi, ajiye shi kusa, ranarsa tana zuwa. In kuma ba ka saya ba tukuna, kuɗin ya fi amfani a sabuwar tsirkiya da datar sauraron faya-fayai. Ni dai na koma wurin abokin nan bayan wata uku da dunƙule masu sauti uku da layi biyu da na kwaikwayo daga Grant Green. Mun kai ƙarshen "Autumn Leaves" tare, sau biyu, ban ɓace ba.